Malama Sai-Kuma da Cokalinta

Kafin mai gyaran waya ya ɗaga ƙofar shagonsa, kafin tela ya hau kekensa, Malama ta riga ta hau benen. Jaka a kafaɗa, fulas ɗin ruwan zafi a hannu, tana hawa tana tsayawa a tsakiyar matakala ta huta. Ajinta yana can ƙarshen baranda, ɗakin da asali aka yi shi don ajiyar kaya: taga ɗaya, fanka mai kuka, 'yan bencina, da tebur guda mai kujera biyu suna fuskantar juna. Takan share, ta goge allo, ta zuba ruwan zafi a kofin tangaran, ta jefa ƙaramin cokali a ciki, ta zauna tana jiran mutanenta. Haka take yi shekara ashirin da ɗoriya. Na sani ne saboda bango ɗaya ne tsakanin ajinta da ofishin da nake rubuce-rubucena, bangon kuma na katako ne, ko tari ta yi sai na ji.

Aikinta shirya mutane su shiga jarrabawar magana da Turanci, wadda ake nema kafin a ba mutum izinin aiki ko karatu a wata ƙasa. A jarrabawar nan, ɗaki ake sa ka kai da baƙon da ba ka taɓa gani ba. Ya kunna rikoda, ya yi ta tambayarka gidanku, aikinka, abin da kake so da wanda ba ka so, yana auna ko za ka iya riƙe zance ba tare da nahawu ya zube maka a hanya ba. Masu zuwa wurin Malama kuwa manya ne masu iyali: direbobi, masu walda, ma'aikatan asibiti, mutanen da a harshensu za su wuni suna zuba ba su gaji ba. Amma da an juya zuwa Turanci an ce su bayyana unguwarsu, sai su ce tana da kyau, su rufe baki, su zuba maka ido.

A nan cokalin yake shigowa. Malama takan zaunar da ɗalibi a kujerar da ke gabanta, ta ɗaure fuska kamar mai jarrabawar, ta jefa tambaya. In ya ba ta amsa guntuwa ya yi shiru, sai ta buga cokali a jikin kofi, ƙil, ta ce, "Sai kuma me?" Daga nan ɗalibai suka laƙaba mata Malama Sai-Kuma, har ya zamana masu shagunan ƙasa ba su san ta da wani suna ba.

Wata rana ta tambayi wani mai walda abin da ya yi ranar hutu. Ya yi ta maza ya ce da Turanci yana tafiya kasuwa. Ya tsaya nan.

Ƙil. "Sai kuma me?"

"Shi ke nan, Malama."

"Shi ke nan? Ka je kasuwa ka tsaya kamar turke? Ba ka taya komai ba, ba wanda ya taka maka ƙafa, ba ka haɗu da surukinka ka ɓuya ba?"

Aji ya kwashe da dariya, shi kuma baki ya buɗe. Ya yi ta kwaɓa Turanci son ransa, ba ta tare shi ba ko sau ɗaya, don ƙa'idarta ce ba ta gyara wa mutum kuskure yana tsakiyar magana. Takan ce wanda yake tuƙi ba a kama masa sitiyari. Sai da ya gama ta mayar da rikoda baya ya ji kansa da kunnensa, sannan ta ce, "Bawan Allah, tun ranar Asabar kake tafiya kasuwar nan, yau ga shi Talata ba ka isa ba? Abin da ya wuce ka faɗe shi a matsayin wanda ya wuce. Sake." Ya sake, ya kuma sakewa, har gumi ya jiƙa masa riga.

Karatunta duka a kan duwatsun murhu yake. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, in ji ta, haka amsa: ka faɗi abin, ka faɗi dalili, ka kawo misali daga rayuwarka. Tana da zafi, wannan ba zan ɓoye ba. Na ji manyan maza sun fito daga ajin nan suna ƙunƙuni, na ga mata sun sauka bene suna share ido. Mai makarantar da take wa aiki ya sha matsa mata ta riƙa raba wa ɗalibai amsoshi shiryayyu su haddace, kamar yadda ake yi a wasu wurare, don a yi saurin sallamarsu a ɗauki wasu. Ta ce ita ba aku take kiwo ba. Wanda ya haddace amsa, ranar da aka karkata masa tambaya kaɗan, ko likita ya tsare shi a wata ƙasa da maganar ɗansa, wa zai ara masa baki?

Malama, ke ce kika zauna a ɗakin da fanka ba ta kai iska, kina sauraron gurguwar jimla sau dubu ba ki yi tsaki ba. Ke ce mai haƙurin jiran mai in'ina. Mutanen da kika buɗe wa baki suna can a ƙasashen da ba ki taɓa takawa ba, ke da ko fasfo ba ki taɓa yi ba.

Ni na fara jin canjin ta bango. Muryar da ke ratsa katako ta fara dushewa, kamar ta mai mura, sai dai murar ta ƙi tafiya. Ruwan zafi ya ƙaru, tari ya ƙaru. In an yi mata magana sai ta ce ƙurar alli ce. Da ƙyar babbar 'yarta ta ja ta asibiti, aka zura mata na'ura a maƙogwaro, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Likita bai yi mata rufa-rufa ba. Ya ce ƙari ne, mugun, a daidai inda murya take fita. In ta zo a yi aiki yanzu, akwai fatan a yanke wurin kaɗai a bar mata 'yar murya, ko da dusasshiya ce. In ta yi jinkiri ya bazu, sai an cire maƙoshin gaba ɗaya, kuma ba za ta ƙara magana ba. Ya ce kafin nan ta daina koyarwa, ta huta da baki.

Washegari da safe na ji takunta a matakala, tana hawa tana hutawa kamar kullum.

A ajin lokacin akwai wata nas, kowa Sista yake ce mata. Mace ce mai shiru-shiru, ta haura arba'in, ta daɗe tana aiki a ɗakin marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani. Maigidanta direban babbar mota ne a wata ƙasa mai nisa. Can ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, aka ajiye shi a gidan jinya, ba dangi ba na dangi, harshensa ya yi nauyi, ko a waya sai dai ta ji numfashinsa. Hanya ɗaya ta rage mata ta isa gare shi: wani asibiti a can ya yarda ya ɗauke ta aiki, da sharaɗin ta kawo shaidar cin jarrabawar nan kafin wa'adin da suka sa ya cika. Ɓangaren karatu da rubutu ta cinye su tuni. Maganar ce ta kayar da ita, ta sake shiga ta sake faɗuwa. Zama ɗaya ya rage mata kafin wa'adi.

Abin haushin shi ne Turancinta ya fi na kowa a ajin tsabta. Matsalarta aikinta ne ya koya mata. Shekaru tana miƙa rahoton marasa lafiya a tsaye, a gurguje: ya ci, ya sha magani, ya yi barci. Shekaru tana tare dangin wanda ta san ba zai kai gobe ba, su ce Sista ya jikin nasa, ta ce da sauƙi, ta wuce. Bakinta ya saba da rufe magana tun kafin ta yi tsawo, don ta san abin da ke bayan dogon bayani kuka ne. To haka take yi wa mai jarrabawa. A ce ta ba da labarin wani da take ƙauna, ta ce mijinta ne, mutumin kirki ne, ta haɗe hannu a cinya. Malama ta buga cokali har kofin ya kusa tsagewa, ba ta samu abin da ya wuce jimla biyu ba.

Kunnen nas kuwa ba a yi masa wayo da ƙurar alli. Wata rana da la'asar, bayan an tashi, Sista ta tsaya har kowa ya fita. Abin da ya biyo baya rabi na ji ta bango, rabi ita ta ba ni da bakinta.

"Malama, muryar nan ba mura ba ce. Kin je an duba?"

"Na je."

"Me suka ce?"

Malama ta gaya mata, a taƙaice. Sista ta sunkuyar da kai, ta ce abin da ta saba cewa: "Allah zai kawo sauƙi, Malama."

"Amin. Zauna a kujerar nan."

Ta zauna. Malama ta jawo kofi gabanta, ta kunna rikoda, ta ɗaure fuska. Ta ce da Turanci, da 'yar muryar da ta rage mata, "Ke ma'aikaciyar jinya ce. Ga mara lafiya a gabanki mai ƙari a maƙogwaro. Ki bayyana mata abin da zai same ta in aka cire shi duka."

"Haba Malama. Wannan ba tambayar jarrabawa ba ce."

"Tambayata ce. Likita ya faɗa mini a tsaye, yana duba agogo. 'Yata in na tambaye ta kuka take yi. Ke kin ga irinsu, kin wanke su, kin kwana a kansu. Ƙanwata, kada ki ce mini da sauƙi. Abin, dalili, misali."

Sista ta ce za a yi aiki. Ta yi shiru. Ƙil. Ta ce za a huda ƙofa a gindin wuya, ta nan za ta riƙa numfashi har ƙarshen rayuwarta, saboda an raba hanyar iska da baki. Ƙil. Ta ce in ta farka za ta buɗe baki ta kira 'yarta, ba abin da zai fito, kuma wannan lokacin ya fi zafin yankan ciwo. Ta ce ƙamshin abinci zai ragu mata, wanka sai da dabara don kada ruwa ya shiga ƙofar, dariya ma sai dai a gani a fuska. Daga nan ba a ƙara buƙatar cokali ba. Ta kawo labarin wani tsoho da ta yi jinya, mai sayar da kaya a bakin titi, wanda bayan aikin yake buga ƙarfen gado da zobensa in yana son ruwa, da yadda 'ya'yansa suka riƙa rage zama a wurinsa don ba su san me za su yi da shirun ba. Ta yi magana mai tsawo, hawaye na zuba, Turanci na fita a jere, abin da ya wuce a matsayin ya wuce, abin da zai zo a matsayin zai zo.

Da ta kai aya Malama ta kashe rikoda. Ta ce, "Na gode. Kin yi kuskure biyu, gobe za mu gyara. Amma wannan ita ce amsa."

Sista ta durƙusa a gabanta ta roƙe ta ta tafi asibiti a makon nan. Ta ce in don ita ce, ta fasa zuwa ajin daga yau. Malama ta ce, "In kin fasa, na yi biyu babu ke nan. Bakinki yau ya buɗe, in na bar shi mako biyu zai koma ya rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki shiga jarrabawarki, ni kuma in shiga tawa."

A gida ma ba a kwashe da daɗi ba. 'Yarta ta ɓoye mata jaka, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, matar nan mijinta take nema. Ni uwata nake nema. 'Ya'yana fa? Ƙaramin ko sunanki bai iya faɗa ba tukuna, so kike ya tashi bai san muryarki ba?" Malama ta zagaye ta ta fita ba jaka.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da zai ɓata wa wasu rai. Ban ce Malama ta yi daidai ba. Taurin kai ne, kuma 'yarta tana da gaskiya. Har da tsoro a ciki, ita da kanta ta nuna wa 'yar haka daga baya: muddin tana hawa benen nan, to ranar wuƙa ba ta zo ba. Kada wani ya karanta wannan ya ƙi zuwa asibiti ya ce koyi yake da ita. Amma na ji makonnin nan da kunnena, kuma ba zan iya yin kamar ban ji ba. Muryar ta koma raɗa, raɗar ta koma iska. Takan ajiye 'yan kalmominta don gyaran nahawu kaɗai, ta matso kusa da kunnen ɗalibi ta faɗa, sauran aikin cokali ya yi. Ta bango ba na ƙara jin Malama, sai ƙil, sai muryar Sista tana ba da labarin unguwarsu, da ranar da ta fara aiki, da yadda maigidanta yake waƙa in yana wanke mota, alhali murya ba ta ba shi ba.

Sista ta shiga jarrabawa, Malama ta shiga asibiti. Da aka sake dubawa, ƙarin ya riga ya haye inda ake tsoro. 'Yarta ta tsare likita ta ce ya gaya mata gaskiya, jinkirin ne ya jawo? Ya ce ba zai rantse ba, wataƙila ko an zo da wuri haka za a tarar, wataƙila kuma a'a. Da wannan wataƙilar za su zauna har abada. Aka cire duka.

Ajin kuwa bai yi mako a rufe ba. Mai makarantar ya kawo wani da tarin amsoshi shiryayyu, yanzu abin da nake ji ta bango ke nan, mutum goma suna rera jimla ɗaya kamar masu talla. Ba taron sallama, ba ko takardar godiya. Kofin ma a kan taga aka ajiye shi yana shan ƙura, sai da tela ya ɗauka ya kai mata asibiti. Wannan abin kunya ne, kuma kunyar ta shafe mu duka da muke benen nan.

Ranar da sakamako ya fito, da hantsi Sista ta je dubiya. Ta tarar da Malama a jingine da matashi, an rufe mata wuya da farin ƙyalle, 'yarta a gefe. 'Yar ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sista ta tsaya a ƙarshen gado, ta rasa ta inda za ta fara, ta ce, "Malama, na ci."

Malama ta dube ta. Ta miƙa hannu kan ƙaramin teburin da ke gefen gado, ta lalubo cokali, ta buga kofi. Ƙil.

Sista ta toshe baki da mayafi. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta fara daga farko: yadda ɗakin yake, irin fuskar mai jarrabawar, tambayar da ya yi mata game da wani malami da ba za ta manta ba, da yadda ta yi ta magana har ya ɗaga hannu ya ce ya isa, lokaci ya ƙare. Kafaɗun Malama suka riƙa girgiza. 'Yarta ta zabura ta zaci numfashi ne ya sarƙe, ashe dariya take yi, irin wadda sai a fuska ake gani.

Sista ta isa wurin maigidanta ta same shi da rai. Ba ya tafiya, maganarsa ba ta fita sosai, amma ya gane ta. Ta aiko cewa in likitocin can suka ba ta amsa guntuwa a kansa suka juya za su wuce, takan tare su ta ce, sai kuma me?

Malama, mun gode. Mun gode a madadin mai walda da direbobi da duk wanda ya shiga ɗakin nan da baki a ɗaure ya fito yana iya faɗin abin da ke ransa. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da mu muka kasa. Masu koyarwa kuma, ga abin ɗauka: ku bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa kafin ku gyara shi, kuma kada ku karɓi rabin amsa don kuna sauri.

Tana nan da ranta, a gidan 'yarta, a ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga. Da farko ana zuwa. Yanzu ƙafa ta ɗauke, masu zuwan ma a tsaye suke cewa ya jiki, ta gyaɗa kai, su ce Allah Ya ƙara sauƙi, su nemi takalmansu. Abin da Sista ta gaya mata a ajin nan, shi ne yake faruwa ɗaya bayan ɗaya. Ku da kuka zauna a kujerar gabanta, kun san gidan. Ku je ku zauna. Ku ba ta labarin aikinku da 'ya'yanku da wanda ya taka muku ƙafa a kasuwa, da Turanci ko da Hausa, duk ɗaya ne a wurinta yanzu. Kofin yana nan kusa da hannunta. In kun yi shiru kuka ji ƙil, kada ku tashi, ba ku gama ba.